Sadiku, ga amsar tambayarka kan aikin 'yan jaz

Sadiku na ga saƙonka tun da safe, sai yanzu na samu zama. Kana tambaya wai me ya sa ranar Asabar a wajen masu kiɗan jaz ɗin nan na Nasarawa na hana ka jona manyan sifikun bes, na sa makirfo uku kacal a ganguna alhali a biki har bakwai muke sawa, sannan ka ga kusan duk daren ban cika taɓa mikisa, na'urar daidaita sauti, ba. To zauna ka karanta da kyau, don wannan aikin daban yake da wanda ka saba.

A biki ko gala mu ne muke riƙe da ƙarar, DJ ya saki waƙa mu kuma mu ƙure, so ake ƙirjin mutum ya dinga dukan uku-uku mata su fito fili. Amma waɗannan mutum huɗun, mai kibod da mai bes da mai ganguna da mai busa saksofon, su suke riƙe da ƙararsu da hannunsu da bakinsu. Mai busa zai yi ƙasa ƙasa har ka ji hucin numfashinsa a bakin ƙahon, can kuma ya taso gaba ɗaya, sauran su biyo shi ba tare da wani ya ce musu komai ba. Wannan hawa da saukar shi ne kiɗan, shi mutane suka biya kuɗin ƙofa su ji. In ka ga ya yi ƙasa ka yi saurin ɗaga masa, ya taso ka danne, to ka baje komai ya zama ɗaya, kuma wallahi za su gane, za ka ga mai kibod yana waigowa yana neman waye a kan mikisa. Shi ya sa ma na cire kwamfiresa, na'urar da take danne ƙara in ta taso, daga layinsu, eko kuma ɗan kaɗan na bari, ba irin wanda mawaƙanmu na situdiyo suke so ba.

Maganar ganguna kuwa, a jaz ba babbar gangar ƙafa ce take riƙe lokaci ba. Lokacin yana kan farantin ƙarfen nan na hannun dama da yake ta kaɗawa, da ƙananan farantai biyun da yake takawa da ƙafar hagu a bugu na biyu da na huɗu, sai bes da yake tafiya ɗaya bayan ɗaya, huɗu huɗu. Gangar ƙafa taɓa ta kawai yake, wani lokacin sai dai ka ji a jikinka. To in ka cusa mata makirfo ka tura ta cikin manyan sifiku ka ga ka fito da abin da shi mai kiɗan yake ɓoyewa, ka binne bes. Makirfo biyu a sama su ɗauko gangunan duka yadda kunne yake jinsu, ɗaya a gaban ta ƙafa shi ma a ƙasa sosai, shi kenan. Ka tuna lokacin da ya ajiye sanduna ya ɗauko burushin waya yana shafa fatar yana zagayawa, shhh shhh, ɗakin ya yi tsit? Da na biye maka da wannan sautin ya ɓace.

Kuma kar ka ɗauka abin baƙo ne can da ba ruwanmu. A New Orleans ta Amurka ya taso wajen baƙaƙen fata farkon shekarun 1900, faifan farko ya fito 1917. Art Blakey, ɗaya daga manyan makaɗansu, ya zo Afirka ta Yamma ƙarshen shekarun 1940, ya musulunta ana ce masa Abdullah ibn Buhaina. Blakey ɗin nan ne Tony Allen mai gangunan Fela ya dinga saurara yana koyon hannu, har a 2017 ya yi faifai na girmama shi kafin ya rasu a Faris 2020. Ni dai in ina jinsu makaɗan kalangun marigayi Shata nake tunawa, yadda yake jefa magana kalangu ya cafe ya mayar masa, ba wanda ya rubuta, kunne ne kawai. Haka waɗannan suke, shi ya sa abin da ya fi damuna shi ne su ji junansu a kan dandamali, na matso da su kusa kusa, monita, wato sifikar da take fuskantar makaɗa su ji kansu, biyu kawai na ba su.

Sai ka koyi tsarin waƙar don ka san inda aka dosa. Za su fara da ainihin karin tare, yawanci gaɓa 12 ne ko 32, kowace gaɓa bugu huɗu, daga nan kowa ya karɓa shi kaɗai yana ƙirƙira a kan wannan zagayen, mai busa, mai kibod, sai mai bes, wani lokaci su yi ta musayar gaɓa huɗu huɗu da mai ganguna, sannan su koma karin farko su rufe. Wurin mai bes nan ne kaɗai za ka ga na ɗan tura masa, shi ma kaɗan, don a nan 'yan kallo suke fara hira da kiran mai kawo lemo.

Saksofon kuma kar ka tura makirfo cikin bakin ƙahon kamar yadda ka yi niyya, sautin ba ta nan kaɗai yake fita ba, har ta ramukan jikinsa. Ja baya kamar taki ɗaya, ka ɗan karkata shi wajen yatsun mai busa. Makirfonmu SM57 ya isa.

Ɗakin ma abin dubawa ne, tayil a ƙasa, bango siminti, ga gilashi, komai dawowa yake, shi ya sa na sa ka shimfiɗa kafet a ƙarƙashin ganguna muka saki labule. Kuma abin da ka ji lokacin gwaji ɗaki ba kowa ba shi za ka ji ba in mutane sun cika, jiki da kaya suna shanye sauti. Janareta kuwa a biki ba mai jinsa, a nan in suka yi ƙasa shi za a fara ji, don haka can bayan katanga, kuma kar ka yarda layin wutarmu ya haɗu da na firji ko na AC, gurnanin nan zai shigo sifika ba yadda za ka yi da shi.

Za su sake yi ƙarshen wata. Ka zo bayan la'asar da kafet ɗin da doguwar wayar, kai za ka zauna a mikisa ni ina gefe, in an fara gwaji ka kashe komai tukuna ka je tsakiyar ɗakin ka tsaya ka ji su haka nan, abin da ka ji bai iso ba shi kaɗai za ka ɗaga.