Yadda ake yanka doguwar kalma a Holanci

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce a ina za ka yanka doguwar kalmar Holanci irin "ziekenhuisbed" (gadon asibiti), kuma wace gaɓa za ka danna da murya. Fara neman ƙananan kalmomin da aka harɗa, ka yanka a mahaɗarsu, sannan ka raba kowace zuwa gaɓoɓinta: zie-ken-huis-bed. Nauyin murya galibi kan kalmar farko yake sauka, kamar VOETbal da HUISdeur. Ta ƙarshe kuwa ita ke riƙe da ma'ana da jinsi, wato ita ke nuna ko "het" ko "de" za a sa kafin kalmar, shi ya sa ake cewa "het huis" (gidan) amma "de huisdeur" (ƙofar gidan), don "deur" (ƙofa) da "de" take tafiya.

Sharaɗin shi ne ka san ma'ana kafin ka yanka, domin wata kalmar tana yankuwa gida biyu. "Valkuil" in ka ce val-kuil ramin tarko ne, in ka ce valk-uil ka koma maganar mujiya. A nan na ga masu koyo sun fi tuntuɓe, kuma jimlar ce kaɗai ke raba gardama. Harafin haɗi irin -s- ko -en- yana manne da kalmar farko: dorps-straat, pan-nen-koek (tun gyaran rubutu na 1995 ake saka "n" ɗin da ke kafin "koek"). Akwai kaɗan da ke karya dokar nauyi, kamar stadHUIS da burgeMEESter, waɗannan sai ka saurari masu harshen ka haddace su ɗaya bayan ɗaya.