Dalilin da gundumomin karkarar Ohio suke murabba'i

Malam, ka tambayi abin da ya sa gundumomin karkarar jihar Ohio ta Amurka da yawa suke murabba'i a taswira. Dokar ƙasa ta 1785 ce sila. Gwamnatin Amurka na neman kuɗi bayan yaƙin 'yanci, sai ta sa aka auna ƙasar 'yan asalin wurin don sayarwa. A tsarin wannan doka, kowace gunduma mil 6 ce tsawo da faɗi, an yanka ta gida 36. Gida na 16 an ware shi don makarantu.

In wata gunduma kake nema, kada ka dogara da suna kaɗai, gundumomi masu sunan Washington sun yi yawa a jihar. In iyakar gona kake nema, tuntuɓi ofishin rajistar filaye na yankin ko mai awo mai lasisi.