Ta Ina Zan Fara Rubuta Tarihin Gandunmu?

Tambaya: Malam, gidanmu babban gidan manoma ne a karkarar Ringim. Tun rasuwar kakanmu gandu ya rabu, kuma ina son rubuta tarihin zuri'ar. Ta ina zan fara?

Amsa: Ka fara da tsofaffin matan gidan, domin a ganina sun fi maza riƙe labarin aure da haihuwa da waɗanda suka tafi cirani ba su dawo ba. Dattawa ba sa ƙirga da shekara, saboda haka ka tambaye su da abin da ya faru, kamar samun 'yancin kai a 1960, farin 1973, ko ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. Daga nan baffanka ya zaga da kai gonaki, ya nuna maka iyakar gandu da gayauna, da yadda aka raba su ranar rabon gado.