Komawa wurin da aka saba sakin anka: alamar bara ta isa?

Tambaya: Ni da maigidana muna zaune a cikin ƙaramin jirginmu mai filafilai, muna yawo a teku. Bara mun yi mako guda a wani lungun teku mai lafawar iska, har na ajiye alamar wurin a GPS. Yanzu za mu koma, muna iya sakin anka, wato ƙarfen da ke kama ƙasan teku ya riƙe jirgi, a kan alamar nan mu kwanta hankali kwance?

Amsa: Malama, na san daɗin da ake ji idan aka hango tsaunin da aka sani bayan kwanaki ana fama da raƙuman ruwa, amma ina roƙonku kada ku dogara da alamar nan ita kaɗai. Abin da ta adana muku shi ne inda jirgin ya tsaya a wancan makon, da iskar wancan makon. Guguwa ɗaya takan kwashe yashin ƙasan teku ta tara shi wani gefe, musamman kusa da bakin kogi, ta bar dutse ko ciyawa inda anka ta kama da kyau bara, kuma lungun da ya kare ku daga iskar arewa yana iya zama a buɗe idan ta juyo daga kudu.

Inda na fi son ku natsu shi ne lissafin sarƙa. A yawancin gaɓoɓi teku yana cika sau biyu a kwana ɗaya, kimanin awa 12 da minti 25 tsakanin cika da cika, kuma cikar da janyewar sun fi tsanani lokacin tsayuwar wata da lokacin da ya cika. A ce zurfin wurin mita 4 ne da ruwa ya janye, ana sa ran zai ƙaru da mita 2, goshin jirgin kuma ya ɗara ruwa da mita 1. Jimilla mita 7 ke nan, sai a ninka sau biyar a saki sarƙa mita 35. Idan igiya ce, ko ana hasashen iska mai ƙarfi, a kai ninki bakwai. Ku kuma dubi maƙwabta, domin jirgi yana kewaya ankarsa duk lokacin da iska ta juya.

Bayan an saki, a sa inji a ribas a hankali, ke kuma ki ɗora hannu a kan sarƙar, can gaba da inda aka ɗaure ta, kina kula da yatsunki. Idan ta miƙe ta yi shiru, anka ta kama ƙasa. Idan kika ji tana karkarwa tana tsalle, jan ƙasa take yi, sai a ɗago a sake. Ki daidaita abubuwa biyu a kan tudu, kamar itace da dutsen da ke bayansa, ki ga ko suna rabuwa; idan suna rabuwa, jirgin yana gusawa ke nan.

Da dare a kunna farar fitila wadda ake gani ta kowane gefe, kamar yadda dokokin kauce wa karo a teku na 1972 suka tanada, a kuma saita ƙararrawar GPS, wadda za ta yi ƙara idan jirgin ya gusa, tun kafin a kwanta.