Mombasa da kufan Gede: amsoshin tambayoyinku

Wani ɗan kasuwa daga Kano ya rubuto: "Zan je Nairobi a kan harkar kaya, kuma zan sami rarar kwana uku. Wani mai shirya yawon buɗe ido ya yi mini tayin yini ɗaya: da safe in ga Fort Jesus a Mombasa, da la'asar in leƙa kufan Gede, mu dawo da daddare. In karɓa?"

Alhaji, kada ka karɓa. Daga Mombasa zuwa Gede, duka a gaɓar tekun Kenya, ya haura kilomita 100, kuma sai an ratsa garin Mtwapa, inda cunkoson motoci ke cinye lokaci. Tafiyar kan ɗauki awa biyu zuwa uku. Za ka isa a gajiye, rana ta yi sanyi, direba yana duban agogo. Tunda kwana uku gare ka, ka ba kowane wuri haƙƙinsa.

Ranar farko ka hau jirgin ƙasa na Madaraka Express daga Nairobi da safe. An buɗe layin a 2017, kuma cikin awa biyar zuwa shida za ka sauka tashar Miritini da ke bayan garin Mombasa. Ka sayi tikiti da wuri, don kujeru na ƙarewa a lokutan hutu. Yammacin ranar ya ishe ka ganin Fort Jesus. Turawan Fotugal ne suka soma gina wannan sansani a 1593 don su riƙe bakin mashigar jiragen ruwa. Larabawan Oman suka yi masa ƙawanya daga 1696, sai a ƙarshen 1698 ya faɗa hannunsu, bayan yunwa da annoba sun kusa ƙarar da na ciki. Da Ingilishi suka zo, suka mai da shi kurkuku daga 1895 har 1958. Ka nemi bangon da ke ɗauke da zanen jiragen ruwa da kifaye da wasu matuƙan Fotugal suka yi, da kayan da aka tsamo daga jirginsu da ya nutse gaban sansanin a 1697. Daga nan ka taka da ƙafa cikin tsohon gari, ka ga ƙofofin katako masu sassaƙa da barandoji da suka leƙo kan lunguna.

Washegari ka nufi arewa, ka kwana a Watamu ko Malindi, ka yi sammako zuwa Gede. A ganina nan ne kuɗinka zai fi yin amfani. Fort Jesus labarin baƙi ne da suka zo da igwa. Gede kuwa gari ne da Musulmin gaɓar tekun, Waswahili, suka gina da hannunsu da dutsen murjani da farar ƙasa, ɗaruruwan shekaru kafin Bature ya iso. Yana da ganuwa biyu, ta ciki da ta waje, da fada, da masallatai. A babban masallacin za ka ga mihirabi da mumbari mai matakala, ga rijiya a gefe da 'yar magudana da ke kai ruwa kwatamin alwala. Akwai kabarin da aka rubuta shekarar 802 ta Hijira a jikinsa, wato 1399. Gidajen masu hali suna da banɗaki da wurin wanka a ciki, wasu har da wani ɗaki marar ƙofa da ake shiga ta wata kafa daga ɗakin maigida, inda ake ɓoye dukiya. James Kirkman, masanin kayan tarihi wanda ya fara tono wurin a 1948, da waɗanda suka biyo bayansa, sun sami tangaran na ƙasar Sin da duwatsun ado na Venice ta Italiya. A ƙarni na 17 mutane suka watse suka bar garin. Masana na danganta haka da ƙafewar rijiyoyi, da hare-hare, da yadda zuwan Fotugal ya dagula cinikin teku. Yanzu kuka da tsamiya sun tsiro a tsakar gidajen, saiwoyi sun rungume bangaye. UNESCO ta sa Gede cikin wuraren tarihi na duniya a 2024. Wurin da ya ƙunshi wannan duka ba a yi masa leƙen minti arba'in.

In ranar ƙarshe ta bar maka sarari, ginshiƙin da matuƙin jirgin ruwan Fotugal Vasco da Gama ya kafa a Malindi, garin da ya iso a 1498, yana nan a bakin teku. Akwai jirgin sama daga Malindi zuwa Nairobi, ba sai ka sake bin hanyar Mombasa ba.

Wata baiwar Allah daga Damagaram ta tambaya: "Mu biyar ne, har da yara biyu da mahaifiyar maigida. Lallai ne mu biya ɗan jagora? Wane wata ya fi, kuma yaya batun abinci da salla?"

Hajiya, a Gede ki biya, ba tare da wani jinkiri ba. In babu mai bayani, duwatsu kawai yara za su gani, cikin rabin awa su fara ƙorafi. Mai jagora ne zai nuna musu gidan da aka sa wa suna Gidan Almakashi saboda almakashin da aka tono a cikinsa. Ki ɗauki wanda ke bakin ƙofa da katin shaida, ku yanke kuɗi kafin a taka ko'ina. A Fort Jesus kuna iya yi da kanku, akwai allunan bayani. Kuɗin shiga kuma yanzu ta intanet ake biya, a shafin gwamnati na eCitizen, don haka ki tanadi katin banki ko layin waya mai M-Pesa, tsarin biyan kuɗi ta waya na Kenya.

Ki kauce wa Afrilu zuwa Yuni, lokacin ruwa mai yawa ke nan. Yuli zuwa Satumba ya fi sauƙin zafi, kuma shi na fi so wa Inna, don ƙasar Gede ba a daidaice take ba, ga saiwoyi. Ku je da sassafe, ta sa takalmi mai kama ƙafa. Birai sun saba da baƙi sosai, kada yara su riƙe ayaba a hannu. Kowa ya tafi da katin rigakafin shawara, kuma ku nemi shawarar likita kan maganin zazzaɓin cizon sauro.

Abinci ba zai ba ku wahala ba, tsohon garin Mombasa na Musulmi ne. Ku ci biriyani da pilau, wato dafa-dukan shinkafa masu kayan ƙamshi, ku karya da mahamri, wani irin fanke, ku sha ruwan ɗanyar kwakwa da suke kira madafu. Masallatai ko'ina. Mutanen gaɓar Shafi'awa ne, tun Ibn Battuta da ya kwana a garin a 1331 ya shaidi haka, saboda haka kada Inna ta yi mamaki in ta ji liman ya bayyana bisimilla, ko ya yi alƙunutun asuba bayan ruku'u, hannuwa a ɗage.

Wani matashi daga Kumasi yana son sanin wace tsaraba zai saya, don ya ji ana sayar da "kayan tarihi" a lungunan tsohon gari.

Ɗan'uwa, akwatunan katako masu ƙusoshin tagulla da butocin gahawa da za a nuna maka yawanci sabon aiki ne. In sun burge ka, saya a matsayin sabon aiki, ka yi tayi a kan haka. Wanda ya ce maka daga Gede abu ya fito, wuce shi, don fitar da kayan tarihi laifi ne. Haka hauren giwa da murjani da ƙoƙon kunkurun teku, za su iya jawo maka kamu a filin jirgi. Je titin Biashara ka sayo wa iyaye mata kanga, zanen da ake sayarwa falle biyu da karin magana na Swahili a rubuce a ƙasansa, amma ka sa a fassara maka rubutun kafin ka biya, don wasu habaici ne. Maza kuma kikoi, zanen da maza ke ɗaurawa. Kanumfari da kirfa da masoro ka auna a kasuwar Mackinnon, wadda 'yan gari ke kira Marikiti. Ka tafi da jakar yadi, Kenya ta haramta leda tun 2017.