Kada laushin soso ya ruɗe ka, ɗan uwa

Ɗan uwa, da na karanta tambayarka sai na ji kamar ni na rubuta ta. Kana neman sit ɗin mashin da za ka yi awa 2 a kansa ɗuwawu bai mutu ba, kuma wanda ba zai hana ka matsawa gefe idan ka shiga kwana ba. Wallahi na sha wannan wahalar a kan mashin ɗina, Honda CBR600RR. Minti 40 kawai, sai in ji kamar a kan katako nake.

Don Allah kada ka yi abin da na yi. Na kai wa wani mai ɗinkin sit, na yi masa bayani dalla-dalla, na ce gaban nake so a ɗan ɗaga, domin sit ɗin yana gangaro da ni kan tanki. Ya ce in bar masa komai, ba yau ya fara ba. Da na dawo sai na tarar ya cusa soso irin na katifa, ya lulluɓe da wata leda mai sheƙi kamar an shafa mata mai. Idan ka danna da hannu, gwanin daɗi. Ranar da na fita da shi, ina shiga wata kwana mai gangara na taɓa birkin gaba, sai kawai na ji na sulale na daki tanki, nauyina duk ya koma kan hannuwa, mashin ya miƙe ya nufi ɗaya hannun titin. Ga mota tana tahowa. Har yau ina ganin yadda direban ya zaro ido. Allah ne ya tsare. Na tsaya a gefen titi, na kasa kwance igiyar hular kwano saboda rawar hannu. Da na koma wurin mutumin, ko haƙuri bai ba ni ba, wai ni ne ban iya zama ba. Wannan maganar har yanzu tana ci min rai.

Soso mai laushi lotsewa yake yi har ka kai ga robar ƙasa, daga nan ciwon ke farawa. Mai tauri ka nema, wanda zai riƙe ƙasusuwan zamanka. Ka lura sit ɗin kamfanin Corbin ma da tauri aka san shi, sai an ɗan jima jiki ke sabawa. Ni wani mai aikin daban ya gyara min: ya ɗaga gaba kaɗan, ya faɗaɗa baya, ya bar wajen cinya siriri, ya sa leda mai ɗan kaushi. Kar ta cika kama wando dai, in ba haka ba matsawa gefe zai yi maka wuya.

Matashin iska irin Airhawk yana da kyau a miƙaƙƙen titi, amma a kwana ni na daina jin abin da tayar baya ke yi, sai na cire. Matashin jel kuwa, wato mai wani abu kamar danƙo a ciki, in mashin ya daɗe a rana, zafi yake riƙewa.

Ka manna robar riƙe gwiwa a gefen tanki, irin Stompgrip. Da ina da ita ran nan da ban sulale haka ba. Ka kuma duba wandonka, ɗinkin tsakiyar jins kaɗai ya isa ya ƙona mutum, ni gajeren wandon masu tseren keke nake sawa a ciki.

Tsayinka nawa ne? In aka ƙara soso sit yana tashi, kada ka zo tsayawa ƙafa ta ƙi kai ƙasa.