Wai da gaske a kabari aka haifi Wali Ɗan Marina, kuma ya hukuncin ɗebo ƙasar kabarinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Katsina ne, tun muna yara ake gaya mana wai mahaifiyar Wali Ɗan Marina ta rasu da cikinsa, a kabari ta haife shi, har yana fitowa wasa bakin marina wani mai rini ya kama shi ya riƙe. Kakata har yau tana zuwa kabarinsa ta ɗebo ƙasa ta jiƙa wa jikoki in ba su da lafiya. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Toh ɗana, abu uku ka haɗa a kwarya ɗaya, bari mu rarrabe.

Shi mutumin dai ba tatsuniya bane. Sunansa Muhammad Ibnus Sabbag, sabbag ɗin kuwa mai rini ne da Larabci, malami ne da ya rayu a Katsina a ƙarni na 17 zamani ɗaya da wani babban malamin Katsina, Wali Ɗan Masani, ya bar rubuce-rubuce da waƙoƙi na Larabci, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya ambace shi cikin malaman ƙasar nan. Abinda ke bani takaici shine kowa ya haddace labarin kabari amma ka tambayi mutum goma me ya rubuta sai a yi tsit.

Karamar waliyyai gaskiya ce, mun yarda da ita, Nana Maryam ana kawo mata abinci a ɗakin ibadarta, Ashabul Kahfi sun yi bacci shekara 309. Amma yarda da cewa karama tana faruwa daban, tabbatar da wani labari guda daban, wannan sai da isnadi, wato jerin amintattun mutanen da suka ruwaito shi, shi kuwa wannan daga baki zuwa baki ya zo mana. In ka ba da shi a matsayin labarin gari ba laifi, wanda bai gaskata ba kuma kar a ce masa maƙiyin waliyyai.

Ziyara sunna ce, Annabi (SAW) yace na taɓa hana ku ziyarar kaburbura, toh ku ziyarce su, Muslim ya ruwaito. Tsohuwa irin kakarka malamanmu na Malikiyya basu hana ta ba, ai Nana A'isha ma an koya mata addu'ar da zata yi. Ka je ka yi sallama, ka roƙa masa gafara shi da sauran na kwance a maƙabartar, a nan aka binne Umaru Musa 'Yar'aduwa ma a 2010.

Inda gizo ke saƙar shine ƙasar nan. Sahabbai sun fi mu son Annabi nesa ba kusa ba, bamu ji sun mayar da ƙasar kabarinsa magani ba, in kuma zuciya ta ƙudurce cewa ƙasar ce ko mai kabarin ke warkarwa toh an taɓa tauhidi. Haka kiran mamaci kai tsaye ya biya buƙata, ko yi masa yanka, haramun ne. Cewa ya Allah don albarkar bawanka wane, wannan malamai sun yi saɓani, bazan kafirta kowa akai ba.

Ita Hajiya kakarka kar ka je mata da faɗa ko kalmar shirka, ka raka ta ziyarar ka koya mata sallamar a hankali, yaron da ke zazzaɓi kuma a kai shi asibiti, a tofa masa Falaƙi da Nasi. Wallahu a'alam.